Tukunyar Jego a Gidan da Ba a Haihu Ba

A Dutsen Kura in aka ce Mama Sara, ba a tambayar wacce. Mai tausa ce, gajeriyar mace mai kaurin hannu kamar na mai dakan sakwara, amma in ta ɗora shi a jikin mara lafiya sai ka ce auduga. Wata nas 'yar cocinsu ta koya mata, shekarun baya, kuma tun daga nan matan da aka yi wa aiki a ciki ita suke kira, Musulmi da Kirista. Ba ta da yawan magana. Zuciya ce da ita, ba ta kuma iya ɓoye ta ba.

Christiana, matar Silas mai walda, atamfa take sayarwa a Kasuwar Kure. Sun daɗe da aure Allah bai ba su haihuwa ba, ga ƙari a mahaifa yana ta zubar mata da jini, har likita ya ce sai an cire mahaifar gaba ɗaya. Da za a sallame ta aka ce a riƙa yi mata tausa a ƙafafu da kafaɗu, cikin kuwa kada a taɓa sai ɗinki ya kama. Silas kalmar tausa kawai ya riƙe. Ya kai wa yayarsa Mercy maganar, ita kuma ta ce ai ta sani, duk macen da aka tsaga wa ciki mai jego ce, sai an gasa ta da ruwan zafi. Ta aro ƙatuwar tukunya, ta kafa murhu a ƙofar gida saboda tsakar gidan ba fili, kullum safiya ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta tsoma tawul ta danna cikin.

A wurin niƙa Mama Sara ta ji wata na cewa Christiana ta sauka, an ga tukunya. Ita da ta je dubiya asibiti tare da matan zumuntar coci ta san abin da aka cire. Ta bar markaɗenta a layi ta tafi.

Ta tarar da mata a ɗakin, kowacce da sabulu a leda, ana ta barka, wata na leƙen bayan gado tana tambaya mace ce ko namiji. Christiana ta juya fuska bango, ko motsi ba ta yi. Mama Sara ta kore su ba tare da ko sannu ba, ta ɗaga zanen. Fatar ta sale, ɗinkin ya buɗe a gefe guda yana tsattsafo da ruwa.

Ta fito ta zare itacen murhun ɗaya bayan ɗaya, ta tuntsurar da tukunyar cikin kwata. Mercy ta taso tana cewa haka aka yi wa uwarsu, haka aka yi mata ita ma, ba wadda ta mutu.

"Ku haihuwa kuka yi," in ji Mama Sara. "Wannan me ta haifa da za ki kafa mata tukunya a bakin titi, unguwa ta taru a kanta?"

Sai da maganar ta fita ta tuna tagar ɗakin a buɗe take.

Silas ya iso daga shago hannu duk baƙi, yana cewa shi dai tausa aka ce masa. Ta ce masa ƙarfen mutane ma in ya haɗa yana bari ya huce kafin ya taɓa, ya je ya nemo keke napep ya daina yi mata bayani.

A asibiti aka wanke ciwon, aka ba da magani. Amma da suka dawo Christiana ta rantse ba hannun da zai ƙara taɓa ta. Ta ƙi tashi, ƙafafun suka kumbura kamar taɓarya, abin da likita ya fi ja musu kunne a kai ke nan. Mama Sara ta riƙa zuwa da man kaɗanyarta, ta zauna a bakin gado ta yi addu'a a ranta, ta tashi ta tafi. Mercy kuwa ta koma Sabon Gari tana yaɗa cewa an raina ta a gidan ƙaninta.

Wata safiya, ba tare da ta juyo ba, Christiana ta ce, "Mama, na ji abin da kika ce ranar."

"Na san kin ji, 'yata. Bakina ne, Allah Ya shirye shi. Amma ƙafar nan ba ta yi miki laifi ba."

Mama Sara ta riƙe man har ya narke a tafinta. Can sai ƙafa ɗaya ta fito daga ƙarƙashin zanen.

"Ki matsa da ƙarfi. Haushin kowa nake ji, har da ke."

"Ji abinki," in ji Mama Sara. Ta kama diddigen, ta fara a hankali.