Gurasar da Walborg Ta Rataye

Walborg ba ta taɓa sha'awar ganin teku ba, balle ƙetare shi. Mijinta Eskil ne ya harbi barewa a dajin sarki, can gida Siwidin, alƙali ya ce ya zaɓa, ko kurkuku ko ya kwashi iyalinsa zuwa sabuwar ƙasar da ake neman masu sare daji. A kan naman da bai kai su ƙarshen hunturu ba ta bar kabarin uwarta, ta hau jirgi da 'ya'ya biyu. Ɗaya ya rasu a hanya, aka saka shi cikin ruwa. Ta sauka bakin kogin Delawa riƙe da hannun 'yar da ta rage mata, Gunnel, kuma tun daga ranar ko rafi ba ta barin yarinyar ta je ita kaɗai.

Mu mutanen Upland, ƙauyen da muka kafa a bakin kogin, mun san ta da aiki, mun kuma san ta da taurin kai. In ta ce haka uwarta take yi, to magana ta ƙare. Eskil ya sare daji, ya ƙone, ya watsa baƙar alkamarmu cikin toka, Allah ya sa albarka. Suka kafa ɗakin gungume, ta haifi namiji, Staffan. Har an fara jin ta tana waƙa a bakin tanderu.

A lokacin ne wani ɗan tireda mutumin Holan yake shigowa da kwale-kwale tare da matarsa Lisbet. Matar ba ta taɓa haihuwa ba, idonta kuwa ya faɗa kan Gunnel. Ta sa aka faɗa wa Walborg ta ba ta yarinyar ta riƙa, za ta ci ta ƙoshi a garinsu na bakin teku, iyayen kuma a sauke masu buhunan masara da wake.

"Ku ce mata 'yata ba akuya ba ce," in ji Walborg. "Masarar kuma ta kai wa aladu."

Shekarar da ta biyo, gatari ya zame wa Eskil a ƙafa daidai lokacin ƙona daji. Ya kwanta wata da watanni, ba a shuka komai ba. Jirgin gida ya daɗe bai zo ba, har mun daina kallon bakin kogi. Abin da ya rage masu a duniya shi ne hatsin bara da ke cikin akwati, ga ɓeraye sun gano hanya.

Walborg ta san maganin wannan. A gida sau biyu ake toya gurasa a shekara, da kaka da kuma lokacin da ƙanƙara ta narke, rafi ya cika, dutsen niƙa ya samu ruwan da zai juya. A yi ta fale-fale, a huda tsakiya, a zura a sanda, a rataye ƙarƙashin rufi. Ta bushe ƙayau, ɓera bai kai gare ta ba, sai ta shekara ba abin da ya same ta. Wadda ta rataye a nan lokacin kaka ma, lafiya lau suka cinye ta.

Iya Malin, tsohuwar da ta riga mu duka zuwa, ta tarar da ita tana ɗaure buhu.

"Ke 'yar nan, duka za ki niƙa?"

"Duka, Iya."

"Bar rabi a tsabarsa. Zafin nan ba irin na gida ba ne, jiƙa yake yi."

"Ki ce in bar wa ɓeraye rabonsu kenan. Kakata ta rataye gurasa ranar haihuwata, an ci ta ranar da aka yaye ni."

"Kakarki a ina ta rataye? Ni dai na faɗa."

Eskil ya ɗago daga shimfiɗa ya ce, "Uwar Gunnel, ko za ki ji ta Iya?"

"Maigida, kai da ka ji ta kanka ai ga mu a nan."

Ta saɓi buhun ta nufi wurin niƙa. Ta toya har hannunta ya yi bororo, sanduna suka cika daga bango zuwa bango. Ta tsaya tana kallo, hankalinta ya kwanta a karo na farko cikin shekarar.

Zafi ya shigo da hazo da sauro. Iska ta tsaya cak, bango yana gumi kamar mutum. Gunnel ce ta fara cewa, "Inna, gurasa ta yi gashi." Walborg ta taka benci ta taɓa. Gurasar ta yi laushi, funfuna koriya da baƙa ta bi sanda daga wannan kai zuwa wancan. Ta sauke, ta kankare, ta shanya a rana, aka yi ruwa. Ta mayar tanderu, bayan kwana kaɗan funfunar ta dawo. Suka ci a haka, Eskil ya yi ta amai, Gunnel ta kwanta riƙe da ciki. Daga ƙarshe ko alade ya sansana sai ya juya.

Tsoro ya kama ta irin wanda bai kama ta ba ko a teku. Ta bi gidajenmu, kowa ya ɗebo abin da zai iya, amma mu ma ƙasan akwati muke kankara. Ta tafi wurin matan Lenafe, 'yan asalin ƙasar, suka ba ta busasshen kifi da 'yar masara a bakin tukunyarta ta ƙarfe, hakan ya kai su ɗan lokaci. Ta dafa ganye, ta daka ɓawon itace kamar yadda ake yi a gida shekarar yunwa. Nononta ya ƙafe. Staffan ya daina kuka, wannan kuwa ya fi kukan tayar mata da hankali.

Ranar da kwale-kwalen mutumin Holan ya dawo, ba wanda ya ce mata komai. Eskil ya juya fuska bango. Ita da kanta ta wanke Gunnel, ta tsefe mata kai, ta kama hannunta zuwa bakin ruwa.

"Inna, yaushe za ki zo ki ɗauke ni?"

"Da zarar Baba ya miƙe."

Ta san ƙarya take yi, yarinyar ma ta sani. Maza suka sauke buhuna, Walborg ta dafa masarar a ranar, ta tauna ta sa wa Staffan a baki.

Staffan ya rayu, shi ne ya sare duk dajin da ke bayan coci. Walborg ta tsufa a cikinmu, ta rage magana, ba ta sake toya abin da ya wuce na mako ba. Duk kwale-kwalen da ya tsaya sai ta je ta yi tambaya, a ce mata yarinya tana lafiya, ta yi tsawo, ta yi aure.

Sai bayan rasuwar Eskil Gunnel ta zo, mace cikakkiya, da farar hula irin ta matan Holan, mijinta na biye. Walborg ta fito da gudu kamar ba tsohuwa ba, ta riƙe fuskarta da hannu biyu, ta zubo duk abin da ta tara tun ranar bakin ruwa: yadda ta so ta biyo ta, yadda laifin nata ne ita kaɗai, ta yafe mata don Allah. Gunnel ta saurara cikin ladabi har ta gama. Sannan ta waiwayi mijinta, wanda ya ɗan iya harshenmu saboda tireda, ta tambaye shi da Holanci abin da tsohuwar take cewa.