Igiyar Baba Tela

Baba Tela mutum ne mai tsoro, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Idan babur ya yi ƙara a bakin titi sai ka ga almakashi ya faɗi daga hannunsa. Matarsa kan ce ko ɓera ya shigo ɗaki, ita ce ke tashi da tsintsiya, shi yana daga kan gado yana ba ta shawara. Amma fa a bakin keken ɗinki ba shi da na biyu. Shagonsa ɗaki ɗaya ne a layin da ya bi ta bayan filin ƙwallo, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. A ciki akwai keke biyu, ɗaya yana aiki, ɗaya ya mutu tun tuni ya zama wurin ajiye zare da gwangwanin maɓallai.

Tun yana saurayi ya samu aikin kulob ɗin ƙwallon garin. Kulob ne ƙarami, ba ya iya sayen sababbin riguna kowace kaka. Idan aka sallami ɗan wasa, sai mai kula da kayan kulob, wanda kowa ke kira Mai Buhu, ya kawo rigar shago ya ce, "Wannan a warware." Baba Tela ya sa reza ya cire haruffan sunan ɗaya bayan ɗaya, ya wanke wurin don sawun allura ya ɓace, ya shanya rigar a igiyar da ke ƙofar shago. Lamba tana nan, suna babu. Daga baya a kawo sunan wanda aka saya ya ɗinka.

To, ka san mutane. Ba a daɗe ba magoya baya suka gane cewa labarin kulob ba a ofis yake ba, a kan igiyar nan yake. Shugabannin kulob ɗin ma ba su da ƙarfin halin kallon mutum ido da ido su ce masa an gama da shi, don haka su kansu 'yan wasan ta igiyar suke ji. Wasu sukan wuce ta layin kamar fenti suka zo saya, suna satar kallo. Shekara da shekaru igiyar ba ta taɓa ƙarya ba.

Da zarar an tafi hutun kaka, bencin ƙofar shago ya zama majalisa. Shugabanta mai gyaran waya ne, wanda ake kira Lasifika saboda ko raɗa ya yi sai an ji a ƙarshen layi.

"Wallahi mutanen nan ba su san ƙwallo ba!" in ji Lasifika. "Muna kukan ɗan gaba, sun je sun kwaso 'yan baya kamar za mu yi gini."

"Kai ma dai," in ji mai fenti. "Ɗan gaban da aka sayo bara fa? Gudu kamar doki, ya zo gaban raga sai ya tuna gida."

A tuntsire da dariya, a tafa. Wani ya ce a sayar da tsofaffi duka, wani ya ce yara ba sa cin kofi. Da can Baba Tela na jin daɗin wannan hira, yana taka keke yana murmushi. Bana kuwa hirar ta daina yi masa daɗi, domin golan kulob ɗin ɗansa ne.

Ƙugiya ake ce wa yaron, don ƙwallo kan maƙale a hannunsa. A ƙarƙashin igiyar nan ya girma, yana tsinto wa ubansa haruffan da suka faɗi ƙasa. Ranar da Mai Buhu ya kawo riga mai lamba ɗaya ya ce a sa wannan suna, sai da Baba Tela ya share ido kafin ya iya zura zare. Yaron ya tsare raga kaka bayan kaka, mutane na rera sunansa. Sai wasan ƙarshe na bara, wanda da an ci shi da kulob ya hau rukuni na sama. Wata ƙwallo maras ƙarfi, wadda ko a mafarki yana kamawa, ta sulale tsakanin hannunsa ta shiga raga. Bayan an tashi aka bi motar 'yan wasa da jifa. Dutse ya fasa gilashi ya tsaga masa goshi. Baba Tela ya ga ɗansa a asibiti, jini ya bushe har wuya, likita na cewa da ya sauka kaɗan da ido ya tafi. Tun daga ranar bai ƙara cin abinci ya ji ɗanɗanonsa ba.

Da aka dawo atisayen share fage, Mai Buhu ya kawo buhun riguna. Ya ware na warwarewa, lamba ɗaya ba ta ciki, ya miƙo ta daban. "Wannan hammata kawai za ka gyara," in ji shi. "Koci ya ce kuskure ɗaya ba ya share aikin shekaru." Ya kamata uba ya yi murna. Baba Tela kuwa ko murmushi bai yi ba.

Majalisa ta ga riguna sun hau igiya, ta duba, ta sake dubawa. Lasifika ya leƙo cikin shago, ya gaishe shi da ladabi, ladabin da ya fi zagi ban tsoro.

"Baba Tela, yaushe za mu ga lamba ɗaya?"

"Ni abin da aka kawo min nake yi, ɗana."

"Mun sani, Baba. Kai ba ruwanka. Amma a gaya musu haƙurinmu ya ƙare."

Kullum sai an yi masa wannan tambaya. A filin atisaye kuwa, da Ƙugiya ya taɓa ƙwallo sai a ɗauki ihu. Baba Tela ba ya zuwa, amma katanga ce kawai tsakaninsa da filin, yana jin komai. Ya taɓa ce wa yaron, "Kai, ko za ka ɗan huta bana?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan. Ihu ne kawai, za su gaji." Shi kam bai gaji tsoron ubansa ba.

Sai aka sa ranar tafiya sansanin horo. Mota za ta tashi da safe daga ƙofar fili, kuma dokar koci kowa ya santa: wanda mota ta bari, kaka ta bar shi. Ana gobe tafiya, wasu samari da Baba Tela bai taɓa gani ba suka zo suka zauna a benci. Ba su yi musun 'yan gaba da 'yan baya ba. Ɗaya daga cikinsu ya ce, ba tare da ya ɗaga murya ba, "Idan golan nan ya shiga motar gobe, sai dai ta tafi ba gilashi."

Babu wanda ya yi dariya, babu kuma wanda ya ce kul. Baba Tela ya fita kamar zai sayo zare, ya bi ta ƙofar fili. A gefen ƙofar ya ga tulin fasassun bulo. Wataƙila magina ne suka zubar, wataƙila ya daɗe a wurin bai lura ba. Shi dai abin da idonsa ya gani goshin ɗansa ne. Ya dawo shago ya zauna a bakin keke.

A nan dabara ta zo masa, irin dabarar da tsoro ke kawowa, wadda mutum ke ganin babu kamarta. Zai warware sunan ɗansa, ya shanya rigar. Samarin su gani su watse, gobe babu wanda zai taru a ƙofa, mota ta tashi lafiya. Bayan sun tafi ya mayar da haruffan inda suke. Wa aka cuta?

Ya janyo rigar ya sa reza. Hannun da ya warware sunayen 'ya'yan mutane ba adadi yau ya goce, har ya yanki ɗan yatsansa. Ya zuba haruffan a aljihun gaban rigarsa, ya wanke bayan rigar, ya fito da ita ya rataya ba tare da ya kalli kowa ba.

Wayyo, ka ga murna! Lasifika ya yi tsalle har benci ya kife. "Alhamdu lillahi! Yau kulob ya yi hankali!" Wayoyi suka fito, ana ta ɗaukar hoto. Mai fenti ne kaɗai ya matso ya ce a hankali, "Sannu, Baba Tela. Allah ya ba ka haƙuri." Baƙin samarin suka miƙe suka kakkaɓe wando suka tafi, Baba Tela kuwa ya ji hankalinsa ya kwanta.

Ya yi niyyar kiran yaron ya gaya masa, wallahi ya yi niyya. Ya ɗauki waya ya danna, kafin ta shiga ya kashe. Me zai ce? Ya san Ƙugiya zai zo ya sauke rigar da hannunsa a gaban kowa, komai ya lalace. Sai ya ce wa kansa ai yaron ya ji daga bakin koci cewa yana nan, ba zai kula da surutun waya ba. Da yamma ya sake gwadawa, ya ji wayar a kashe. Ya ce a ransa yaron ya kwanta ne da wuri saboda tafiya. Matarsa ta dube shi ta ce, "Malam, lafiya kake ta juya abinci?" Ya ce ciwon kai ne.

Da safe ya buɗe shago, ya kasa kunne. Babu ihu, babu ƙarar gilashi. Ya ji motar ta daɗe tana aiki a tsaye, sannan ta tashi ta wuce. Ya zauna a kan kujera ya yi godiya ga Allah, har ya fito da haruffan ya jera su a kan keke. Yana neman zare mai launinsu wayarsa ta yi ƙara. Mai Buhu ne, ana jin gurnanin mota a bayansa.

"Baba Tela, wa ya ce ka warware lamba ɗaya?"

Mai Buhu bai jira amsa ba.

"Mun jira shi har koci ya fusata. Wayarsa a kashe, an aika gidansa ba a same shi ba. Sai yanzu wani ya nuna min hoton. Koci ya ce shi doka doka ce, ya ɗauki yaron nan da ya zo gwaji. Tunda ka riga ka warware, ka bar ta haka. Zan turo maka sunan."

Ya ajiye wayar a kan keke. Inuwa ce ta tare ƙofa, ya ɗaga kai ya ga Ƙugiya, da kayan gida, idanunsa sun kumbura. Yaron ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, sannan ya zauna a kan buhun ƙyallaye.

"Baba, kada ka sa abin a ranka," in ji shi. "Jiya da na ga hoton na kashe waya, na tafi wurin wani abokina, ba na son a yi ta kirana ana jaje. Koci ya ce min ina nan, ashe daɗin baki ne. Haka suke yi wa kowa, ni na fi kowa sani. Kai na fi tausayawa, da suka sa ka yi da hannunka."

Ya lura da tsumman da ke ɗaure a yatsan uban, ya kama hannun yana dubawa. "Har ka yanke."

Baba Tela ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, wanda ya fi na dutse, ya fi na samarin jiya. Zai iya yin shiru, amma kafin rana ta faɗi wani zai faɗa. Muryarsa ta fito siririya.

"Ba su sa ni ba."

"Na'am?"

"Babu wanda ya aiko. Sun ce za su jefi motar. Na ce in sun ga rigar za su watse, in ka tafi in mayar. Sun jira ka da safe."

Ƙugiya bai saki hannun nan da nan ba. Ya dubi haruffan da ke jere a kan keke, ya dubi ubansa. Sannan ya zaro wayarsa ya kunna. Saƙonni suka fara shigowa, ɗaya na bin ɗaya, ƙarar ta cika ɗan shagon. Ya karanta na ƙarshe, ya kife wayar a cinyarsa.

Ana cikin haka wayar Baba Tela ma ta yi ƙara sau ɗaya a kan keke. Dukansu sun san saƙon mene ne. Uban ya kasa miƙa hannu, sai ɗan ya ɗauka ya buɗe, ya karanta sunan sabon golan a fili, harafi bayan harafi, yadda yake yi masa yana ƙarami. Ya ajiye wayar ya miƙe.

"Ka ɗinka masa da kyau, Baba," in ji shi, ya sunkuya ta ƙarƙashin igiyar ya fita.