Keken Guragu na Madam Kazuko

Har gobe ban mantawa da ranar da aka aike ni tarbar baƙi biyu daga Japan. Lokacin ina sabon direba a wani kamfanin yawo da masu buɗe ido a birnin Lyon na Faransa, cikin watannin gwaji, wato lokacin da kuskure ɗaya ya isa a sallami mutum.

Shugabarmu, Madam Odil, ta taɓa yin hutu a Tokyo, kuma tun daga nan ba mai ja da ita a kan Japan. Ta tara mu ta ce wani kamfanin can ne ya turo baƙin don ya gwada mu, in sun ji daɗi za a riƙa aiko mana da jama'a. Sunaye kawai aka ba ta: Kazuko da Hana. Ta koyar da mu cewa duk sunan da ya ƙare da "ko" na tsohuwa ne, masu ƙarewa da "mi" iyaye mata ne, gajeru irin Hana da Yui kuwa 'yan matan yanzu. Na gamsu, don ko a Maraɗi in ka ji Delu ba ka zaton ɗalibar jami'a. Aka tanadar wa Kazuko keken guragu da ɗaki a ƙasa, Hana kuma ɗaki a saman bene da yawon keke a bakin kogi.

Jirgin Paris ya iso. Na hango wata tsohuwa 'yar firit, kai fari fat, tare da budurwa. Na rusuna, na tura keken guragun har bayan gwiwoyin tsohuwar, na ce Madam Kazuko ta zauna. Ko kallona ba ta yi ba. Budurwar ce ta amsa da Faransanci mai kyau, don ashe a Paris take aiki.

"Ni ce Kazuko. Wannan kakata ce, Hana."

Na koma gefe na kira ofis. Madam Odil ta ce ba zai yiwu ba, in sake tambaya, wataƙila gajiyar tafiya ce ta sa suka rikita sunayensu.

Kazuko ta lura da zufar da nake yi, ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya. Ta ce lissafin shugabata bai yi nisa da daidai ba, sai dai suna yana zagayowa kamar yayin ɗinki. Hana, wato fure, tsohon suna ne tun kafin zamanin "ko", ya ɓace, ya dawo. Ita kuwa mahaifinta ya ga duk jariran unguwa sunan fure gare su, ya zaɓo mata wanda ba mai so.

Ta fassara wa kakar. Na sadda kai ina jiran faɗa. Tsohuwa ta rufe baki tana dariya har da hawaye, wai an daɗe ba a ɗauke ta budurwa ba. Ta ce kada a canja komi, keken nan na bakin kogi ma sai ta hau.

Ta hau kuwa. Ni ina gudu a gefe, na riƙe sirdin, ina karanta duk addu'ar da na sani, tana buge mini hannu wai in sake ta. In ta faɗi, aikina ya faɗi tare da ita. Allah ya tsare.

Kamfanin can ya ba mu aikin. A taron mako, Madam Odil ta bayyana cewa da gangan ta shirya haka, don ta san tsofaffin Japan ba su son a tuna musu da tsufa. Sannan ta kafa sabuwar doka: daga yau duk Hana tsohuwa ce. Muka tafa mata.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, ku ji: shugaba ba ya kuskure, sai dai dabararsa ta fito ta wata hanya. Baƙo kuma kada ku yanke masa komi kafin ku ga fuskarsa. Suna linzami ne, gaskiya, amma shekarun doki a haƙori ake duba su.