Garwashin da Iya ke Rufewa da Toka

Ƙarar sakaina ce a gindin murhu, ƙar, ƙar, a hankali. Da mun ji ta, mu jikoki mun san Iya Dije ta fara tara toka, sai kowa ya jawo tabarmarsa. A Kutemeshi ke nan, gidanmu na ƙarshen gari, wanda daga danga sai gonar dawa, daga gonar sai daji. Iya kakata ce ta wajen uba. Ba ta tatsuniya sai an yi isha'i an kife kwanuka, kuma tana yi tana barbaɗa toka a kan garwashi. Haske na raguwa, muryarta ma haka.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta.

"Ta shigo, mun share mata!"

Kafin a kai tsakiya duk yara sun ɓingire, ban da ni. Sai ta zungure ni da ƙafa. "Ke mai idon mujiya, kwanta. Da kunne ake jin tatsuniya, ba da ido ba."

Wadda ta fi yi mini ita ce ta wata mata da wutarta ta taɓa mutuwa cikin dare. Da asuba ta shiga maƙwabta ɗibar wuta, aka yi mata dariya. Ta yi rantsuwa ba za a ƙara ba. Kullum sai ta kwana zaune tana iza itace. Shi kuwa Barci baƙo ne mai kunya, daga daji yake fitowa yana bin gida gida. In ya leƙo ya ga haske, sai ya juya. Matar ta rame, ido ya faɗa. Ta ce to, za ta kama shi. Ta buɗe ƙofa ta zuba ido, ta yi ta kira, shi kuwa yana ƙara nisa kamar gada ta ji motsin mutum. Sai wata tsohuwa ta ce mata, "Rufe wutarki da toka, ki ba ƙofa baya." Da gari ya waye ta tona, ga garwashi jajir.

"To Barcin fa, Iya? Ya shigo?"

"Ba ta ga shigowarsa ba. Ke kin taɓa gani?"

Na girma, na yi aure a Magajin Gari, Iya ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Maigidana direban motar hatsi ne, hanyar Kaduna yake bi, kuma duk wanda ke da mutum a hanyar nan ya san yadda ake kwana. Da fari daren da ya yi tafiya kaɗai nake rasa barci. Daga baya ko yana gida yana minshari, idona biyu. In dafa shayi, in duba waya, in duba agogo, in ƙirga awa nawa ta rage. Da rana kuwa in ƙona miya. Ranar da na daka wa 'yata Hafsat tsawa don kawai ta tambaye ni ina takalminta, na ga ta raɓe a bango tana kallona kamar baƙuwa, a ranar na tafi asibiti.

Ma'aikaciyar ta auna ni, ta saurare ni, ta ce, "Maman Hafsat, ban da shayi bayan la'asar. Ki riƙe lokacin kwanciya ɗaya. In barci ya ƙi, kada ki yi kokawa da shi, tashi ki zauna cikin duhu-duhu har ido ya yi nauyi." Ina hanyar gida na kama dariya ni kaɗai. Ashe ni ce matar nan mai iza itace.

Yanzu in ya kira ya ce ya sauka, sai in ɗora wayar can saman kabad. In ta yi ƙara zan ji. In rufe gawayina da toka, in yi wa Hafsat tatsuniyar Iya, in tofa addu'a a tafin hannu in shafe mu. Ba dare ɗaya abin ya saku ba, ya ɗauki makonni, har yau ma wani daren sai na tashi na zauna da carbi. Amma na gane abin da Iya ke nufi. Rufe wuta ba kashe ta ba ne. Damuwata ba ta buƙatar gadina. Da safe zan same ta inda na bar ta, kuma akwai Mai tsaron da ba Ya gyangyaɗi.

Shekaranjiya ina dama koko, Hafsat ta zo ta rungume ƙafata, ta yi ƙasa da murya kamar mai tsoron a ji.

"Umma, jiya baƙon nan ya zo. Na tashi shan ruwa na same shi a wurinki, sai na taka a hankali don kada ya gudu."