Ranar da Ni da Kwamfuta Muka Yi Shiru

A ƙarshen zamanin jam'iyya ɗaya, lokacin da rediyo ke tashin mu da waƙar yabon shugaba, aka kawo kwamfuta ɗakinmu a Zongo. Ba tamu ba ce. Ta Alhajin da maigidana ke yi wa akawu ce, wani mutumin Nijar mai manyan motoci. Ana gyaran ofis, sai ya ce a ajiye ta a wurinmu. Da bakinsa ya ce in wani abu ya same ta, kada maigidana ya sake nuna masa fuska.

Ina goyon fari a lokacin, komai tsoro yake ba ni. Bakina ba ya hutawa a kan maigida: rufe randa, ɗauke waya daga ƙasa, kada ka ɗaga yarinya haka. Kullum kuma sai na tuna masa kwanon rufinmu yana yoyo daidai saman teburin nan.

Ita ma kwamfutar haka take. Akwai wani faifai da abokinsa ya kwafo masa daga Accra. Duk sa'ad da ya sa shi sai ta yi ƙara, ta fito da rubutun Faransanci. Karatuna bai kai can ba, shi ya fassara mini: wai abin da ke cikin faifan bai dace da tsarinta ba, a yi hattara. Sai ya danna wani maɓalli, aiki ya ci gaba lafiya lau.

Ran nan abokin ya zo daga unguwar Cacavéli, suka yi ta ƙwanƙwasa maɓallai suna Faransanci. Aka sa faifai, shiru. Sun hana ta magana.

"Maigida, kun yi mata magani ne, ko kun toshe mata baki?"

"Madam Atansiyo ke nan," in ji shi, wato Madam A-yi-hattara da Faransanci, suna dariya. "Wallahi da ke ma kina da irin maɓallin nan, da na huta."

Na ce, "To."

Washegari ban ce uffan ba. Ya sa riga da tumbuɗin yarinya a kafaɗa, na kalle shi na ce a dawo lafiya. Ya bar lema a bayan ƙofa, hadari kuwa ya haɗu ta wajen teku. Ya bar kwamfuta a buɗe, ya tafi unguwar Totsi aiken Alhaji. Maganar ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da koko.

Bayan azahar ruwa ya sauko. Ɗigo na fari ya faɗi a gefen teburi. Yajin baki na yi, ba yajin hannu ba. Na zare waya. Injin ya fi ƙarfina ɗauka, ba ni da wata leda babba, sai na janye shimfiɗar robar da ke ƙarƙashin yarinya, da sauran danshin fitsarinta, na lulluɓe shi. Na ɗora kwano a sama, na zauna ina ba da nono.

Sai ga maigida ya faɗo ɗaki a jiƙe sharkaf, takalmi ɗaya a hannu, ko sallama babu.

"Inji! Ina injin?"

Na nuna da haɓa. Ya ɗaga robar, ya shafa, a bushe. Ya zauna a ƙasa yana haki.

"Kin ga hadari, me ya hana ki faɗa mini?"

"Ai ka danna maɓallina jiya."

Ya ajiye takalmin da ke hannunsa. Sannan ya ce, "Don Allah, Maman Bebi, kunna."

"To tashi daga kan tabarmata, kana jiƙa ta. Kuma tun safe akwai tumbuɗi a kafaɗarka."

Gargaɗin kwamfuta bai mayar ba, ita kuma ba ta taɓa ba shi matsala ba. Amma a makon ya kira mai gyaran kwano. Da aka mai da ta ofis, an ce Alhaji ya yi ta shinshina, yana tambaya ko duk injin Turawa haka yake wari.