Takardar Wankan Gwaggo

A zamanin da nake rubuta wa alƙalin Birnin Kudu wasiƙu, ban san wani mai alƙalami tsakanin garinmu da Gwaram da ya fi ni hannu ba, kuma har yau ban sake ra'ayi ba. Shi ya sa da gwaggota, ƙanwar mahaifina, ta aiko daga Maruta tana so in rubuta mata shafi ɗaya tak, na ɗauka aikin rabin wuni ne.

Ita ce mai wankan gawar mata a ƙauyen da rugagen da ke kewaye, shekara da shekaru. To ga ido ya fara dushewa, ƙafa ta ƙi, kuma babu wadda ta koyi aikin, don mata tsoronsa suke yi. Abin da ke cin ranta shi ne wa zai wanke ta. Ta taɓa isa wani gida a makare, ta tarar ana kwara wa wata baiwar Allah ruwa kamar ana wanke turmi, abin bai bar zuciyarta ba. Matar ɗanta ta yi karatun allo kafin aure, tana iya haɗa baƙi da wasali, kuma ta yarda za ta yi. Amma ta ce ranar da abin ya zo kanta zai ɗaure, duk abin da aka gaya mata da baki zai tashi, sai dai a rubuta mata da Hausa.

Na fara a allo, don takarda fatake ke kawo ta daga Kano, ba a wasa da ita. Na zuba ajami mai kyau, na kawo saɓanin malamai, na yayyafa Larabci yadda duk wanda ya gani zai san mai ilimi ne ya rubuta. Na jira ayari, saboda a shekarun nan ba a bin hanyar Gwaram mutum ɗaya don tsoron mahara, na isa na miƙa allon ina jiran yabo.

Muna tsakar gida, Gwaggo tana ɓarar tsamiyar kunu. Matar ɗanta ta fara karatu, ba ta kai ƙarshen layin farko ba ta cije. Sai na ji ƙwas, Gwaggo ta jefa ƙwallon tsamiya a ƙwarya. Matar ta ci gaba, ta sake cijewa, ƙwas. Kafin ta kai ƙasan allon gindin ƙwaryar ya rufe.

"Malam, ga ladanka," in ji Gwaggo, ta turo mini ƙwaryar da ƙafa. "Ni wanka na ce ka rubuta, ba huɗuba ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce laifin mai karatu ne. Matar ta sunkuyar da kai ta ce, "Gaskiya ne, Malam, karatuna bai yi nisa ba." Gwaggo ta ce ai ita ɗin ce dai za ta yi wankan, ba alƙali ba.

Washegari na sa matar ta sake karanta allon, na karɓi ƙwaryar da kaina, amma na yi abin a tsanake. Na raba ƙwallayen kashi uku a kan tabarma. In ta tsaya a kan kalmar da ba ta sani ba, in ajiye ɗaya a dama. In numfashinta ya ƙare magana ba ta ƙare ba, in ajiye a tsakiya. In ta koma farkon layi don ta manta inda ta faro, in ajiye a hagu. Nan na ga abin da shekaruna na rubutu ba su nuna mini ba. Tarin dama kusan duk Larabcina ne. Na tsakiya da na hagu kuwa tare suke girma, duk inda na ja magana ta wuce numfashi ɗaya, sai farkonta ya zube mata kafin ta kai ƙarshe.

Na wanke allon na sake. Inda na ce a yi witiri, na mayar da shi sau uku ko sau biyar. Saɓanin malamai na kwashe shi gaba ɗaya, ina kwashewa ina jin zafi. Kwana huɗu muna haka, ina wankewa ina rubutawa, tarin yana raguwa, har ranar da ta karanta daga sama zuwa ƙasa ban ajiye ko ɗaya ba. Na dubi Gwaggo na ce to, yanzu fa?

Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta kwanta da tufafinta, ta rufe ido ta ce wa matar ɗanta, "Zo ki wanke ni, ba ruwa." Matar ta jingina allon a bango, ta karanta layi, ta juyo ta durƙusa. Layin yana ɗauke da aiki biyu, a yi mata alwala sannan a fara da gefen dama. Ta yi alwalar daidai, sai ta kama kafaɗar hagu.

"Gawa dai ba ta magana," in ji Gwaggo, idonta a rufe, "amma wannan hagu ce."

Muka yi dariya har da hawaye, amma ni na ga inda na kuskure. Ashe karantawa ba tuntuɓe daban, ɗaukar magana daga bango zuwa tabarma daban. Mai wanka hannunta a jiƙe yake, ba za ta riƙe takarda ba, abin da ta iya ɗauka a ka shi kaɗai zai isa wurin gawa. Na sake tsara shi, kowane layi aiki ɗaya. A rufe ta da zane. A matsa cikin a hankali. A zuba ruwan magarya. Sai da matar ta wanke Gwaggo a bushe sau uku ba kuskure, sannan na fito da takarda, na rubuta da manyan baƙaƙe, na sa jar tawada a farkon kowane layi. Wani abokin aikina ya ga kwafin da na riƙe, ya ce rubutun 'yan koyo ne. Na ce masa ban taɓa rubuta abin da ya kai shi ba, kuma da gaske nake.

Bayan damina biyu aka aiko cewa jikin Gwaggo ya yi tsanani. Na samu kwana uku tare da ita, ta cika da hantsi. Da aka ɗora ruwa, na zauna a bayan zana, kusa yadda in matar ɗanta ta rikice za ta kira in amsa. Na ji ta karanta layi ɗaya, sai ƙarar ruwa. Ta karanta na gaba, sai ruwa. Ina zaune na kasa kunne, amsa tana bakina, har ta kai layin ƙarshe ba ta kira ni ba.

Ta leƙo, zaninta a jiƙe har gwiwa, ta ce, "Malam, an gama. Inna ta samu yadda take so."

Liman ya dafa kafaɗata, muka tashi muka shiga ɗaukar Gwaggo.