Yau Sadiƙ ya ci tuwo a zaune

Ɗazu na fito tsakar gida na tarar da autana Sadiƙ zaune daram a kan tabarma, ya tanƙwashe ƙafa yana cin tuwo. Wallahi sai da na yi ƙwalla.

Shekararsa sha shida, kuma ya daɗe a tsaye yake cin abinci. Wani ƙurji ne ya fito masa a ƙarshen ƙashin baya, ya fashe, ya sake dawowa. Duk wanda ya ji a Unguwar Shanu sai ya ce basir ne. Jiƙon saiwa kuwa, babu irin wanda kakarsa ba ta ɗura masa ba.

A asibiti likita ya ce gashi ne ke shigewa cikin fata, ya yi rami ya tara mugunya. Aka yi masa tiyata, muka jure zuwa wankin ciwo har wurin ya cike.

Kakar tana ganinsa a zaune ta ce, "Maigidana, ka ga aikin saiwata ko?"

Ya ce, "Hajiya, saiwarki zaryar banɗaki ta koya mini. Zama kam likita ne."

Har ita sai da ta yi dariya. Alhamdulillah.

Iyaye, ba duk ciwon mazaunai ne basir ba. Ku a gidanku, wane ciwo aka taɓa laƙaba wa basir?